FASHIN BAƘI: Wasan ƙarshe a Bilbao, da tambayar wa ke da iko da dare a Sabon Birni da Isa

Ƙarfe goma da rabi na dare ta gota a agogon Najeriya, ranar Alhamis 17 ga Afrilu, 2025, lokacin da Harry Maguire ya sa kai ya jefa ƙwallo ta biyar a ragar Lyon. Mintuna kaɗan kafin nan baƙin da suka zo daga Faransa ne ke gaba da ci 4 da 2 a filin Old Trafford, alhali su goma ne a fili, har wasu magoya bayan Manchester United sun fara kama hanyar gida. Sai Bruno Fernandes ya ci fenareti a minti na 114, Kobbie Mainoo ya farke a minti na 120, Maguire kuma ya rufe taro minti guda bayan haka.

Waɗanda suka fice daga Old Trafford kafin a tashi, fushi ne ya fitar da su. A Sabon Birni da Isa, ƙananan hukumomi biyu na gabashin Jihar Sakkwato da ke bakin iyakar Nijar, mai kallo kan tashi kafin alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe ko da ƙungiyarsa ce ke cin wasa. Lissafinsa daban ne: nisan gidan kallo da gida, duhun hanya, da irin labarin da aka wuni ana ji daga ƙauyuka. Wanda ke kwana a tsakiyar gari yana iya jure ƙarin lokaci. Wanda gidansa ke bayan gari, ko wanda zai hau kabu-kabu zuwa wani ƙauye, sau da yawa sai da safe yake jin yadda aka ƙare, a teburin mai shayi ko a ɗan guntun bidiyon da aka tura masa ta WhatsApp.

Ranar Laraba 21 ga Mayu, 2025, United ta kara da Tottenham a wasan ƙarshe na Kofin Europa, a filin San Mames da ke birnin Bilbao na ƙasar Sifaniya. Ƙarfe takwas na dare aka take, daidai lokacin da ake fitowa daga sallar isha'i ko ake shirin shiga. Magoya baya a ƙasar Gobir sun yi ta musu a kan wannan wasa kamar yadda aka yi a Kano da Legas. Amma kafin saurayi a Isa ya zauna a benci ya ga an take leda, sai abubuwa da dama sun daidaita: a sami man da za a zuba wa janareta, a sami hanyar biyan kuɗin dikoda, a sami kuɗin shiga, sannan dare ya yi lafiya. Kowanne daga cikin waɗannan yana da tarihinsa a yankin, tarihi mai ranaku da sunaye.

Abin da ake musu a kai

Sai an fahimci baƙuncin waccan kaka kafin a gane dalilin zafin gardamar. Kafin wasan, United na matsayi na 16 a teburin Firimiya da maki 39, an doke ta sau 18. Tottenham na biye mata a na 17 da maki 38, an doke ta sau 21. Ƙungiyoyi ukun da ke ƙasansu su ne suka faɗa rukuni na biyu. Duk da haka, wadda ta ɗaga kofi a Bilbao za ta shiga Gasar Zakarun Turai a kakar da ta biyo baya, ta zauna sahu ɗaya da Liverpool da ta lashe Firimiya. Kafofin labaran Birtaniya sun ƙiyasta cewa wannan gurbi zai iya kawo wa United kuɗin da ya kai fam miliyan 100.

Daga nan musun farko ke tashi. A lokacin, masu goyon bayan United na riƙe da hujja guda mai ƙarfi: tun da aka fara gasar Europa ta waccan kaka har zuwa wasan ƙarshe babu wanda ya doke su. Sun yi waje da Real Sociedad bayan Fernandes ya ci uku rigis a wasa na biyu. Sun tsallake Lyon da jimillar ci 7 da 6. Sun je Bilbao ranar 1 ga Mayu suka ci Athletic 3 da nema a filin da za a buga wasan ƙarshen, suka ƙara mata 4 da 1 a Manchester bayan mako guda, Mason Mount, wanda jinya ta cinye masa kusan kaka biyu, ya ci biyu. A ganinsu, ƙungiyar da ta yi wannan tafiya ta san hanyar kofi.

Abokan gaba kuma suna da tasu, kuma ba ta da sauƙin amsawa. Sau uku United da Tottenham suka haɗu a waccan kaka kafin wasan ƙarshen, sau ukun Tottenham ce ta yi nasara: 3 da nema a Old Trafford a watan Satumba, 4 da 3 a Kofin Carabao a Disamba, 1 da nema a Landan a Fabrairu. Sukan ƙara da cewa Athletic ta buga fiye da rabin wasan farko da mutum goma bayan an ba Dani Vivian jan kati, haka ita ma Lyon ta rasa Corentin Tolisso tun kafin a shiga ƙarin lokaci. Wato dai, a faɗarsu, sa'a ce ta yi wa United jagora, sa'a kuwa ba ta da alƙawari da kowa.

Sai batun Andre Onana, wanda shi kaɗai ya isa ya raba majalisa gida biyu. Kurakuran da mai tsaron ragar ɗan Kamaru ya yi a wasan farko da Lyon, wanda aka tashi 2 da 2, sun zo ne jim kaɗan bayan tsohon ɗan wasan United, Nemanja Matic, ya sa shi cikin mafi rauni da suka taɓa tsare ragar ƙungiyar. Akwai masu kare shi saboda ɗan Afirka ne kuma maƙwabci, akwai masu cewa ƙwallo ba ta san maƙwabtaka ba. Haka aka yi ta ja a kan mai horarwa na lokacin, Ruben Amorim, wanda ya karɓi aiki a Nuwambar 2024 bayan an sallami Erik ten Hag: shin tsarinsa na 'yan baya uku ne bai dace da 'yan wasan da ya gada ba, ko 'yan wasan ne ba su dace da kowane tsari ba?

Mafi ban dariya shi ne halin da magoya bayan Arsenal suka shiga. Su da suka yi waje da Real Madrid da jimillar ci 5 da 1 a Gasar Zakarun Turai, sai PSG ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe. A lokacin dole su zaɓa tsakanin United, wadda suka shekara suna yi wa ba'ar buga wasan ranar Alhamis, da Tottenham, maƙwabciyar da ba su ƙi rabonta da kofi ya ci gaba da zama 2008 ba. Mutanen Chelsea, da suke da yawa a Arewa tun zamanin Mikel Obi, a lokacin suna jiran nasu wasan ƙarshen da Real Betis ranar 28 ga Mayu, 2025, suna shan gorin cewa kofin yara ne.

Gardama ce ta sani. Matashin da bai taɓa wuce Sakkwato ba zai kawo lissafin wanda ya ci, wanda ya bayar aka ci, da mintin da aka ci, kuma idan ya yi kuskure nan take na kusa da shi zai gyara masa.

Yadda aka rasa dare

Sabon Birni gari ne mai nauyin tarihi. A cikin ƙaramar hukumar ne kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir da ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Ɗaya gidan sarautar Gobir yana Tsibiri, kusa da Maraɗi, a tsallaken iyakar da Turawa suka shata. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kasuwanni da auratayya sun haɗa su. Isa kuma tana jingine da Shinkafi ta Jihar Zamfara, inda dajin da Bello Turji ya yi sansani yake. Wannan zama tsakanin iyakar ƙasa da iyakar jiha shi ne arzikin yankin a da, shi ne kuma ya zame masa jarrabawa.

A ƙarshen watan Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma, suka kashe fiye da mutum 70 a yini guda. A Satumbar 2021 suka kai hari sansanin jami'an tsaro da ke Burkusuma. A Disambar shekarar suka tare motar matafiya a Gidan Bawa suka cinna mata wuta da mutane a ciki. 'Yan sanda suka tabbatar da mutuwar 23, mazauna yankin suka ce adadin ya fi haka. A tsakanin waɗannan ne aka fara jin labarin harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma, da rahotannin cewa 'yan bindiga sun naɗa nasu masu gari a wurare irin su Gangara. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar Sabon Birni ta Arewa, Aminu Boza, ya sha fitowa a kafofin labarai yana bayyana irin wannan hali. Dubun dubatar mutane suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi.

A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Bidiyonsa yana roƙon a cece shi ya karaɗe wayoyi. A watan Agusta aka sanar da rasuwarsa a hannun waɗanda suka sace shi. Matasan Sabon Birni suka fito zanga-zanga, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita. A Satumba shugaban ƙasa ya umarci ƙaramin ministan tsaro, Bello Matawalle, da manyan hafsoshin soja su tare a Sakkwato, kuma a watan ne sojoji suka kashe Halilu Sububu a Zamfara. Turji dai bai shiga hannu ba.

Tafiyar United zuwa Bilbao ta zo daidai da wani sabon babi na wannan labari. A farkon Afrilun 2025, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla kuma kafin wasan farko da Lyon, aka kashe manoma fiye da goma a Lugu da ke ƙaramar hukumar Isa, harin da aka ɗora wa Turji da yaransa. A watan Mayun 2025, cikin kwanakin da suka biyo bayan wasa na biyu da Athletic, rahotanni suka nuna mutane na ficewa da kayansu daga Bafarawa, mahaifar tsohon gwamna Attahiru Bafarawa, da ƙauyukan da ke kewaye irin su Kamarawa da Arume, bayan an aika musu saƙon su tashi. A lokacin, wasu daga cikin samarin da za su nemi gurbin zama a gidajen kallon garin Isa a waccan Laraba baƙi ne a garin, a gidan dangi ko a wani fili suke kwana.

Abin da wannan jerin ke nufi ga gidan kallo a fili yake. Manyan wasannin Turai na tsakiyar mako da dare ake buga su, an tsara su ne don mutumin da ya tashi daga aiki a Madrid ko Manchester. A watannin bazara agogon Ingila da na Najeriya ɗaya ne, don haka ƙarfe takwas a can ƙarfe takwas ce a nan. Wasan Firimiya na ranar Asabar da la'asar ba shi da matsala sosai, ana gamawa da sauran rana. Wasan kofin Turai kuwa ba ya ƙarewa sai dab da goma, idan aka shiga ƙarin lokaci ya ɗauki wani rabin sa'a da ɗoriya. Gidan kallo kuma wuri ne da ke da haske da hayaniya a garin da ya yi duhu. Ƙarar janareta da ihun cin ƙwallo suna rufe duk wani motsi da ke waje, wanda ke ciki shi ne na ƙarshen jin abin da ke faruwa a bakin gari.

Satumbar da Ronaldo ya dawo

Ba 'yan bindiga kaɗai ne suka taɓa kashe allon kallo a wannan yanki ba. Matakan da gwamnati ta ɗauka don yaƙar su ma sun taɓa yi.

A farkon Satumbar 2021 gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa hannu a kan dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a ƙananan hukumomin da matsalar ta fi shafa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninsu, ta kuma rufe hanyar Marnona zuwa Isa. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da abinci. Sai dai janareta ba ya zuwa gidan mai da ƙafarsa; a jarka ake kawo masa. Mai gidan kallo, da mai cajin waya, da mai niƙa, da mai walda, duk rana ɗaya dokar ta same su. Ranar 11 ga wannan wata Cristiano Ronaldo ya buga wasansa na farko bayan komawa United, ya ci Newcastle biyu.

Kwana tara bayan haka, ranar 20 ga Satumba, gwamnan ya sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, kamar yadda aka riga aka yi a Zamfara da wani ɓangare na Katsina. Mutum zai yi zaton wannan bai shafi kallon ƙwallo ba, tun da dish daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko hoto, babu ruwansa da turken waya. Amma dikoda ba ta aiki sai an biya kuɗin wata, biyan kuwa ta waya ake yi ko ta na'urar POS, su kuma ba sa motsi sai da sabis. Wanda kuɗinsa ya ƙare sai ya yi tafiya zuwa inda ke da layi, a kan hanyar da kowa ke gudu.

A ƙauyukan bakin iyaka mutane suka koma neman sabis ɗin kamfanonin Nijar. Rahotannin lokacin sun nuna su ma 'yan bindigar haka suka yi, inda kuma waya ta gagara suka koma aika wasiƙa. Talakan da aka yanke wa layi ya rasa hanyar kiran agaji da hanyar karɓar kuɗi daga ɗansa da ke ci-rani a Kudu. Harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba, wanda ya ci rayuka fiye da 40, da ƙona motar Gidan Bawa, duka sun faru ne bayan an ɗauki waɗannan matakai. Darasin da ya rage wa masu tsara manufofin tsaro shi ne cewa takunkumin da aka sa wa yanki gaba ɗaya yakan fi kama wanda ba shi da bindiga.

Lissafin mai gidan kallo

Ko da dare ya yi lafiya, akwai lissafin aljihu. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Zuwa Oktoban 2024 ya haura naira 1,000, ko da yake ya ɗan sauko a 2025. Wannan farashin gidan mai ne a birni. A garuruwan da direban tanka ke tsoron shiga, wajen 'yan bumburutu ake saye, su kuma sai sun ɗora kuɗin kasadar hanya. Tun a Nuwambar 2019 ma hukumar kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya daɗe yana matse garuruwan bakin boda. Wutar lantarki ta gwamnati kuwa ba a sa ta cikin lissafi. Shi ya sa mai hali ya koma sola, amma wasan dare a kan batir yake tafiya, batir mai ɗaukar talabijin biyu da fanka na sa'o'i uku kuma ba ƙaramin jari ba ne.

Sai kuɗin dikoda. Tsarin Compact Plus na DStv, wanda masu bin manyan wasannin Turai suka fi saye, naira 14,250 ne a wata a shekarar 2022. A Maris na 2025 ya koma naira 30,000. Babban tsarin Premium ya tashi daga naira 21,000 zuwa 44,500 a tsakanin wannan lokaci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ƙalubalanci ƙarin na 2025, amma a farkon Mayun shekarar wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da ikon ƙayyade farashi.

A ɗauka, don misali kawai, kuɗin shiga naira 200 ne. Sai mutum 150 sun biya kafin a mayar da kuɗin dikodar wata guda, ba a zo maganar mai da haya da gyara ba. Idan aka ƙara kuɗin shiga, samari su koma leƙe ta kafar langa-langa ko su taru a kan waya ɗaya. Idan ba a ƙara ba, mai gida ya yi asara. Abin da ke fitar da shi kunya shi ne manyan darare irin na waccan Laraba, lokacin da benci ke cika har a tsaya a baya. Waɗannan dararen kuma su ne tsoro ya fi cinyewa.

Wurin da ake taruwa

Najeriya ta san abin da ke iya faruwa a gidan kallo. Ranar 24 ga Mayu, 2014, daren wasan ƙarshe tsakanin Real Madrid da Atletico, bam ya tashi kusa da wani gidan kallo a Jos. Ranar 17 ga Yunin shekarar wani ya tashi a Damaturu ana kallon Brazil da Mexico a gasar cin kofin duniya, ya kashe aƙalla mutum 14. A Yunin 2019 'yan ƙunar baƙin wake suka kashe kimanin mutum 30 a wajen wani gidan kallo a Konduga da ke Jihar Borno. A wancan lokaci wasu jihohi, irin su Adamawa, sun zaɓi rufe gidajen kallon ɗungurum.

Matsalar gabashin Sakkwato ba irin ta Borno ba ce. Boko Haram ta ɗauki kallon ƙwallo a matsayin abin ƙi, ta kai masa hari da gangan. 'Yan fashin daji kuɗi da dabbobi da mutanen da za a karɓi fansarsu suke nema, haɗarin da ke kan mai kallo ya fi yawa a kan hanyar komawa gida. Saboda haka rufe gidan kallo ba zai rage wa kowa haɗari ba in hanyar ta ci gaba da zama yadda take. Abin da zai yi kawai shi ne ya kawar da ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan gari da ɗan gudun hijira, ɗan boko da ɗan kasuwa, ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan, ke zama a benci ɗaya. A yankin da zargin ba da bayanai ga 'yan bindiga ya sa maƙwabci ke kallon maƙwabcinsa da gefen ido, wurin da mutane za su yi sa'o'i biyu suna faɗa a kan abin da ba ya kashe kowa yana da amfanin da ba a cika lissafa shi ba.

Akwai manya da ke ganin abin kunya ne a ce ana binne mutane da safe, da dare samari na ihu saboda wani Bature ya ci ƙwallo. Maganar tana da nauyi, kuma ba a raina ta. Sai dai waɗanda ke ihun su ne suka haƙa kabarin da safe, su ne ke kwana sintiri, daga cikinsu ne gwamnatin Ahmad Aliyu ta ɗebi askarawan tsaron al'umma da ta ƙaddamar a 2024. Ba mantuwa ce ta kai su benci ba.

Wani abin lura kuma, wanda ya kamata ya dami masu bin siyasa: saurayin da ke musu a Sabon Birni ya fi samun bayani a kan asusun Manchester United fiye da na ƙaramar hukumarsa. Ƙungiyar tana cikin kasuwar hannun jari ta New York, dole ta riƙa wallafa kuɗin da ta samu da bashin da ke kanta. Ya san Jim Ratcliffe ya sayi sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyar a 2024, ya san an sallami ma'aikata 250, an kuma sanar da shirin rage wasu. Amma kuɗin tsaro da gwamnoni ke warewa duk wata, babu wata takarda da ke fayyace wa jama'a yadda ake kashe su. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, har yanzu ana ta ja-in-ja a kan aiwatarwa. Mutumin da ke iya bin diddigin kuɗin sayen ɗan wasa har zuwa fam na ƙarshe ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, takardun ne ba a ba shi ba.

Daren Laraba

Wasan ya faɗo a ƙarshen bazara, lokacin sharar gona da jiran ruwan shuka, wato lokacin da a 'yan shekarun nan ƙauyuka ke zaman jiran jin nawa za a yanka musu kafin a bar su su fita daji da fartanya. Lokaci ne kuma na hadarin farko, mai zuwa da iska da ƙura. Ruwa mai ƙarfi na ɗauke hoton dish, iska na iya karkatar da shi, kuma babu mai hawa rufi ya gyara a cikin duhu.

Kafin wasan, magoya bayan United na da dalilin fargabar doguwar tafiya. Wasan ƙarshe na Europa da suka buga kafin wannan, ranar 26 ga Mayu, 2021, a birnin Gdansk na ƙasar Poland, an tashi 1 da 1 da Villarreal, aka yi ƙarin lokaci, aka shiga bugun fenareti. Mutum 21 suka buga suka ci a jere, har aka zo kan masu tsaron raga, David de Gea ya ɓarar da na 22. Agogo na dab da buga sha ɗaya a Najeriya lokacin da aka gama.

Lissafin kafin wasan shi ne, idan Amad Diallo ko Fernandes, ko kuma Dominic Solanke da Brennan Johnson a ɗaya ɓangaren, suka raba gardama cikin minti 90, za a watse kafin goma, ɗan kabu-kabu na iya yarda ya kai mutum unguwar da ke bakin gari. Idan aka tashi kunnen doki, mai kallo a Sabon Birni da Isa zai yanke shawara tun kafin a dawo fili: ya zauna ya ga ƙarshe ya kwana a shagon aboki, ko ya bar bencinsa ga wani ya kama hanya.